'Yar Farin Asama'u

Asama'u 'yar Tudun Wadar Zariya ce, kuma duk shekara goma sha huɗun da ta yi a Madina ba ta bari kowa ya manta da haka ba. Ta iso garin a 1994 da ciki wata shida, da ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawar da za ta ciyar da unguwa guda. Mijinta Jibril ya riga ta zuwa da shekara ɗaya, yana aikin harhaɗa magunguna a wani asibiti. Ya kama musu gida a hawa na biyu a arewacin gari, inda in ka buɗe tagar kicin Dutsen Uhudu ne zai tare maka ido, ja, a miƙe, ba ko tsiro a jikinsa.

Ranar farko ta daɗe a bakin tagar tana hawaye, don tun tana makarantar allo take jin sunan dutsen nan. Ba a yi wata guda ba ya zama agogonta. In jan nasa ya ƙara turuwa da la'asar ta san lokacin ɗora tukunya ya yi, in ya yi dishi-dishi ta san iska na tafe, ta hau rufin bene ta kwashe shanya.

Gajeriya ce mai zafin nama, dariyarta a kusa, bakinta kuwa ba ya gajiya. Larabci da ƙarfin tsiya ta koye shi, a wurin mai kantin bakin layi da mai kawo tukunyar gas, kuma har ta bar ƙasar ba ta daina mayar da namiji mace a cikinsa ba. Da fari ta rantse ba za ta karya kumallo da dafaffen wake da gurasa ba, wai ita ba ɗaurarriya ba ce. Bayan shekara biyu ita ce mai tashin Jibril ya je ya bi layin waken da gurasar, wato ful da tamis, tun kafin a cika, sai dai ba ta taɓa ci ba tare da ta barbaɗa yajin gida ba. Lokacin aikin hajji kuwa falonta tasha yake komawa. Duk alhajin da ya taɓa wucewa ta Zariya ko a mota ne, sai ya nemo gidan ya ce shi ɗan'uwa ne, ita kuma ta tuƙa tuwo ba ta tambayi ta ina aka haɗa dangin ba.

Babbar ƙawarta ita ce Khalida, maƙwabciyarsu ta ƙasa. 'Yar ƙasar Saudiyya ce, amma kakanninta da ƙafa suka taho daga Haɗeja, shekara bakwai suna hanya. Hausarta ta tsofaffi ce, a cakuɗe da Larabci, in ta fara zance da ɗaya ba ta san da wanne za ta ƙare ba. Ita ta koya wa Asama'u zaɓen dabino da dafa shayi da na'ana'ar Madina, Asama'u kuma ta dawo mata da miyar kukar da rabonta da ita tun rasuwar kakarta.

Abu ɗaya ne Khalida ta kasa ganewa a halin ƙawarta, shi ne yadda take yi da 'yarta ta fari. An haifi yarinyar wata uku da zuwansu, aka sa mata sunan mahaifiyar Jibril, Inna Kaltume, ana kiranta Mimi. A gidan da Asama'u ta tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Na kakanni ne, in sun ga dama ma su ɗauke shi da zarar an yaye. Ga shi kuma yarinyar takwarar suruka ce, kunya ta zama biyu. Saboda haka ko laƙabin Asama'u ba ta faɗa, daga "ke" sai "'yar Inna". Shekara biyun da matan unguwa suka yi suna kiranta Ummu Mimi, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige, sai da ta haifi Yahya ya karɓi sunan sannan ta samu lafiya. Bayansa aka yi Umair. Su waɗannan tana ɗaukarsu tana yi musu rawa a gaban kowa.

Amma fa tana son yarinyar nan, so mai tsanani har yana ba ta tsoro. Kitson da za ta gama a awa ɗaya sai ta ja shi ya kai uku, don dai kan ya daɗe a cinyarta. In ana rabon nama, tsokar da ta fi kyau a kwanon Mimi take sauka, tana cewa, "Ungo, ƙashi ne, ba mai ci." Ita a ganinta duk mai ido ya san abin da ke nan.

Mimi ta tashi 'yar Madina sosai. Tana jin Hausa tas, amma da Larabci take amsawa, mai kaifi, irin na 'yan makaranta. Baki ta gado, wannan kam ba a tambayar daga ina.

A hajjin 2003 wani alhaji ya kawo kaset daga Zariya, kamar yadda aka saba kowace shekara. Bayan yara sun tafi makaranta Asama'u da Jibril suka sa shi a rediyo. Inna, mahaifiyar Jibril, ta gaishe da kowa, ta lissafa waɗanda suka haihu da waɗanda suka rasu, ta yi godiyar takardar ziyarar da yake nema mata. Can a ƙarshe ta gyara murya.

"To Jibrilu, in na zo ba ni kaɗai zan komo ba. Shekara tara na yi haƙuri. An ce mini takwarata ko gaisuwa ba ta iya ba, ta zama Balarabiya. Zan taho da abata ta zauna wurina ta koyi zama da mutane."

Kaset ya ƙare ya yi ƙas, ba wanda ya tashi ya kashe rediyon. Jibril mutum ne da zai iya musu da likita goma a kan ƙwaya ɗaya, amma bai taɓa ce wa Inna a'a ba tun da aka haife shi.

"Asama'u, in ba ki so, ke ce za ki faɗa. In daga bakina ya fito za ta ce boko ya lalata ni."

"In ce me, Malam? In buɗe baki a gaban Inna in ce ina son 'yar fari? Ai sai a yi da ni a Tudun Wada har jikokina."

Sai ta ɓullo da dabara. Tunda dalilin Inna shi ne yarinya ba ta da tarbiyyar gida, to za a nuna mata akwai. Wata biyu cur ana horo. Mimi ta koyi tuƙa tuwo, ta koyi miƙa abu da hannu biyu, ta haddace gaisuwa tun daga "ina kwana" har "ina gajiyar hanya". A durƙuso ne aka samu matsala.

"Ustaza ta ce ba a rusuna wa kowa sai Allah," in ji Mimi da Larabci.

"Ustazar taki ba ta da kaka ne? Durƙusa in gani."

Ta durƙusa tana gunaguni, ƙannenta na dariya. Aka yi ta maimaitawa har gwiwar ta saba.

Inna ta iso bayan alhazai sun watse, doguwar tsohuwa siririya mai goro a kumatu. Aka zaunar da ita a falo, Jibril ya durƙusa, Asama'u ta durƙusa, aka kira Mimi. Yarinyar ta fito ta ga tsohuwa mai irin goshinta da irin hancinta, horon wata biyu ya bi iska. Da gudu ta tafi ta kama kan Inna da hannu biyu ta sumbaci goshinta, ta sumbaci hannunta, kamar yadda ta ga ana yi wa tsofaffi tun tasowarta.

"Sitti," ta ce, wato kaka. "Nawwarti."

Inna ta ja baya tana dafe da ɗankwali. "Jibrilu, ita wannan shinshina ni take yi?"

"Gaisuwa ce, Inna. Cewa ta yi kin haskaka gidan."

"To. Ni dai tun da nake ba a taɓa gaishe ni ta ka ba."

Asama'u ta koma kicin ta tsaya tana kallon tukunya, ta tabbata an gama, yarinya ta tafi.

Abin da ya biyo baya ya fi haka rikitarwa. Ranar Alhamis ba makaranta, da hantsi, lokacin da ake buɗe wa mata hanyar Rauda, Asama'u ta kai Inna Harami, masallacin Annabi, tare da Mimi. Cunkoso ya yi cunkoso, matan da ke tsaron wurin suna ta tsara mutane ƙasa-ƙasa suna cewa a zauna a jira. Inna ga ciwon gwiwa. Mimi ta saki hannun uwarta ta nufi ɗaya daga cikin masu tsaron, ta tsaya a gabanta ta zuba bayani: wannan kakarta ce, daga nesa ta zo, shekara saba'in tana jiran yau, ƙafarta ba ta ɗaukar tsayuwa. Matar ta yi dariya a bayan niƙabi, ta samo kujera, daga baya ta kama hannun Inna da kanta ta kai ta inda za ta yi salla. Inna ta fito tana share ido da gefen mayafi, ta riƙe hannun jikarta gam har mota.

Daga ranar ba a raba su. Mimi ce mai yi mata ciniki a kasuwar dabino, ita ce mai faɗa wa direban tasi ya bi a hankali. Inna na tsokanarta da Hausa, wai ta ƙwace mata suna ba ta biya ba, ita tana ramawa da Larabci, kowa na gane kowa. Tuwon ma da ta tuƙa, Inna ta cinye ta ce da gudaji amma hannun na gida ne.

"Yarinyar nan lauya ce," Inna ta ce wa Jibril. "Da ina da irinta a Zariya, wa zai taka ni a layin asibiti?"

Sai a lokacin Asama'u ta gane ramin da ta haƙa wa kanta. Da yarinyar ta kasa za a tafi da ita don a gyara ta, yanzu da ta burge za a tafi da ita don an ƙyasa.

Saura sati biyu Inna ta koma, suka fita shan iska gindin dutse da la'asar, kamar yadda suke yi duk Alhamis in ba zafi. Aka shimfiɗa darduma, Khalida ta kawo shayi da dabino, yara maza suna hawan duwatsu suna sauka. Mimi na zaune bayan Inna tana matsa mata kafaɗa. Inna ta kurɓi shayi ta dubi surukarta.

"To Asama'u, ban ji ta bakinki ba. Zan tafi da takwarata."

Amsar a shirye take, ita ce wadda uwar Asama'u ta bayar, ita ce wadda kakarta ta bayar. Ta sunkuyar da kai har da ɗan murmushi.

"Ai taki ce, Inna. Ni me zan yi da ita? Ki tafi da ita ma na huta da surutu."

Inna ta gyaɗa kai, an yi abin da ya dace. Khalida ta ajiye butar shayi da ɗan ƙarfi. Hannun Mimi ya tsaya a kafaɗar kakarta, sannan ya ci gaba da matsawa.

Kwanakin da suka biyo gidan ya yi tsit. Mimi ta daina musu, ta daina waƙa a banɗaki. Da safe sai ta zo ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Mama, ina kwana," da Hausa mai kyau, ta tashi ta wuce. Ta ba Yahya fensiran kalarta, ta ba Umair akwatin lissafi duk da bai san amfaninsa ba. Asama'u na gani, tana ce wa ranta yarinya ce ta yi hankali. Ita kanta abinci ya daina wuce mata, ta sa gishiri sau biyu a miya har Inna ta tambaya ko lafiya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta sauka wurin Khalida aron faranti. Khalida ta rufe ƙofa ta tsaya a jikinta.

"Zauna, ya Ummu Yahya. Jiya bintinki ta zo nan. Kin san abin da ta tambaye ni? Ta ce, Khala, me na yi wa Mama ba ta sona? Ta ce in ta tafi za ki huta."

Asama'u ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Haba, ai magana ce ta al'ada. Kowa ya san ba haka ba ne."

"Wane kowa? A Zariya kowa ya sani. A can yarinya tana ganin duk 'yan fari haka ake musu, tana da gwaggo da inna masu gaya mata uwarki kunya take ji. Hina, a nan Madina, wa zai gaya mata? Ta tashi tana jin matan unguwa suna ce wa 'ya'yansu ya galbi, ya ruhi, zuciyata, raina, a bakin makaranta. Tana ganin kina rawa da Umair. Shekara tara tana jira ta ji nata, sai ta ji kin ce a tafi da ita ki huta. Wallahi abin da kika faɗa shi ta ji, ba ta ji wani abu a bayansa ba."

Asama'u ta hau bene ba faranti. Ta leƙa ɗakin yara, ta ga ƙaramin akwati a bayan ƙofa, a rufe, an ɗora takalman salla a kai. Ba wanda ya ce yarinyar ta haɗa kaya. Ta tsaya a wurin, kunya da baƙin ciki suka taru mata, ta rasa wanda za ta yi fushi da shi.

Washegari Asabar, ranar da Jibril zai kai fasfon Mimi wurin aikinsu a nema mata takardar fita. An gama karyawa, Inna na zaune a darduma da kofin shayi, Jibril ya sa fasfon a aljihun gaban riga yana neman makullin mota. Mimi na ɗaki tana shirin makaranta. Asama'u ta fito daga kicin hannunta da ruwa, ta zo gaban Inna ta durƙusa.

"Inna, ki gafarce ni. Zan yi rashin kunya."

"Ina jinki."

"Maganar da na yi a gindin dutse ba gaskiya ba ce. Ina son yarinyar nan. Ba zan iya rabuwa da ita ba. In kin tafi da ita ban san yadda zan yi ba."

Jibril ya tsaya da makulli a hannu, ya dubi silin kamar an kira shi daga can. Inna ta ajiye kofi. Ta daɗe tana kallon surukarta, fuskar ba fushi ba fara'a.

"A gabana kike faɗin haka."

"A gabanki, Inna."

"Lallai zaman Madina ya yi miki." Ta ɗauko goro ta ɓare, ba ta kai baki ba. "Ni tawa ta fari, Murja, yayar wannan da ke tsaye, ranar da na yaye ta uwar mijina ta zo daga Funtuwa. Ni na ɗaure mata kayanta a ɗankwali, ina dariya, ina cewa a tafi da ita na huta. Aka yi ta yabona, an ce ga yarinya mai kunya. Wata uku ina shiga bayan ɗaki ina kuka, ba wanda ya sani. Yau Murja ta yi jika, in ta zo gaishe ni gaisuwar baƙi muke yi, mu tambayi gajiya mu yi shiru." Ta juya goron a hannu. "Da na samu bakin da kika samu yau, da ban sani ba ko za a bar mini ita. Amma da ta san na nema."

Daga ƙasa ana jin mai gas yana buga tukunya da ƙarfe yana wucewa.

"Jibrilu, mayar da takardar nan inda ka ɗauko ta. Duk hutu dai a kawo mini ita, kuma a koya mata tuwo ba gudaji." Ta dubi Asama'u. "Ke kuma tashi daga gabana. Ba ni ya kamata ki gaya wa ba."

Mimi na zaune a bakin gado da kayan makaranta, jaka a cinya. Asama'u ta zauna kusa da ita, ta rasa ta inda ake farawa, don ba ta taɓa yi ba, ba a kuma taɓa yi mata ba.

"Ba inda za ki. Na gaya wa Inna ba zan ba da ke ba."

Yarinyar ta ɗago ta dube ta, ta tambayi dalili da Larabci. "Lesh?"

"Don ina sonki."

Mimi ta tsaya tana nazarin fuskar uwarta, irin kallon da take yi wa mai kanti in ba ta yarda da awonsa ba. Da ta yi magana, da Hausa ta yi.

"Tun yaushe?"

Asama'u ta buɗe baki, hawaye suka riga maganar. Ta jawo yarinyar ta rungume ta, jaka da komai, ta ƙi saki har motar makaranta ta yi oda sau uku a ƙasa ta gaji ta tafi.